Kaneng da Irin Burkutun Mahaifiyarta

Idan ka shiga Beltsville, wani gari a Maryland ta Amurka, ka tambayi mutanenmu wace ce Kaneng Dalyop, amsar da za ka samu ba ta wuce a ce maka, ai matar nan ce mai jinyar tsofaffi, wadda ke jan waƙa a zumuntar mata ta cocinsu. Ba mai ce maka 'yar mai burkutu ce, domin ba su sani ba. Ita kanta ta fi shekara talatin tana danne wannan magana, har ta kusa yarda cewa ba ita aka haifa a gidan ba.

A wani ƙauye bayan Vom, a Filato, aka haife ta. Mahaifiyarta, Ngo Garos, gajeriyar mace ce mai ƙarfin murya, kuma duk yankin an san burkutunta. Kaneng ce 'yar fari, don haka aikin a kanta ya fara sauka. Ita ke ɗebo ruwa a jiƙa jar dawa, ita ke baza ta a tabarma a rufe da ganyen ayaba, ta yi ta yayyafa mata ruwa safe da yamma har ta yi tsiro. A shanya, a murje saiwoyin, a kai niƙa, a dama, a dafa a ganga, a bari ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa. Duk wannan hannun Kaneng ya sani tun ba ta kai tsawon gangar ba. Aikin ƙarshe ne kawai ba a taɓa bari ta gani ba. In ruwan ya huce, Ngo Garos kan shiga ɗakin tuluna ita kaɗai, ta sauko da wani ɗan ƙoƙo daga saman murhu, ta ɗebi wani gari mai launin toka ta zuba. Wannan shi suke kira iri, wato busasshen gindin giyar da ta gabata, wanda ke tayar da sabuwa. Ta gaje shi daga tata uwar, kuma kowace dahuwa takan kankare gindin tulu ta shanya ta mayar da abin da ta ɗiba.

Kaneng na da shekara goma sha huɗu aka kai ta makarantar kwana ta mishan. A makon farko wata yarinya ta shinshina akwatinta ta ce kayanta na warin giya, ɗakin ya kwashe da dariya. Da ta dawo hutu sai ta ce ita ba za ta ƙara taɓa dawar nan ba, ta zama ta Yesu. Uwar ta dube ta, ta ce, "To, riƙe littafinki." Ba ta ƙara kiranta bakin ganga ba. Burkutun kuwa ya ci gaba da sayen littafin, da takalmi, da sabulun da ake wanke warinsa, amma yarinya ba ta cika lura da irin wannan ba, kuma har ta girma ba ta taɓa buɗe baki ta ce an gode ba.

Sauran labarin irin na mutane da yawa ne. Ta yi karatun jinya, ta yi aure, ta haifi biyu, miji ya rasu. A shekarar 2002 ta zo Amurka taron mata na coci, aka gama taro ba ta koma ba. A gidan kula da tsofaffi ta haɗu da Hajiya Samiratu, mutuniyar zangon Kumasi, mace mai faɗin ƙirji da faɗin zuciya, wadda in ta so ka sai ka gaji da abinci. Mijinta, Alhaji Issah, direban babbar mota ne, ya fi zama a kan hanya. Hajiya ta ba Kaneng ɗakin ƙarƙashin gidansu, ta kuma gindaya sharaɗi ɗaya: ba naman alade, ba giya. Kaneng ta yi dariya ta ce ai a kan wannan ta fi Hajiya tsanani. Haka suka zauna kusan shekara goma, naman layya na sauka ƙasa, shinkafar Kirsimeti na hawa sama.

A watan Fabrairun 2012 Ngo Garos ta rasu. Takardun izinin zaman Kaneng na hannun lauya a lokacin, kuma ya gaya mata ƙarara cewa in ta fita ƙasar ba za ta dawo ba. Ga yara biyu a jami'a da ita suka dogara. Ta zauna. Ta waya ta ji ana waƙa a bakin kabari, layin na yankewa, yana dawowa. Ba ta iya kuka ba, washegari ta tafi aiki ta yi wa uwar wani wanka.

Bayan wata uku ƙanwarta Simi ta kira ta.

"Yaya, matan da suka yi sana'a da Mama sun zo. Sun ce ba a sauke mata tukunya ba."

Kaneng ta san abin da ake nufi. A ƙauyensu, in mai burkutu ta mutu, 'yarta ta fari ce ke yin dahuwa ɗaya da irin uwar, ta raba wa mutane kyauta, a ambaci sunan mamaciyar. Kafin a yi haka, cewa ake har yanzu tana bakin aiki, ba ta huta ba.

"Ke ki yi mana," in ji Kaneng.

"Na tambaya, sun ce ba ni ce ta fari ba. Kuma Yaya, rufin ɗakin tuluna ya faɗo da ruwan farko, duk sun fashe. Ƙoƙon kawai na tsira da shi. Abin da ya rage bai fi cikin tafi ba."

Kaneng ba ta yarda cewa giya ke kai mutum wurin hutawa ba, har yau ma ba ta yarda ba. Amma ba ta yi jinyar uwarta ba, ba ta zuba mata ƙasa ba, kuma wannan ne abu ɗaya tak da aka ce ita kaɗai ce za ta iya yi mata. A watan Yuli wata mai zuwa daga Jos ta kawo mata ɗan gwangwanin man shafawa, a ciki an ƙulle garin a leda. Na dahuwa ɗaya ne. In ya lalace, shi ke nan, babu inda za a samo wani.

Mutum ɗaya ta gaya wa, Baba Katung, wani dattijo daga kudancin Kaduna da ya yi ritaya daga tuƙin tasi yana zaune a Fort Washington. Ya ce a yi taron a bayan gidansa ranar Lahadi bayan an taso daga sujada, zai kira tsofaffi 'yan'uwansa. Shi ne kuma ya warware mata matsalar dawa, domin wadda ta saya a shagon kayan Afirka an surfe ta, kwana biyar ko motsi ba ta yi ba.

"'Yata, a ƙasar nan tsuntsaye ke cin jar dawa," ya ce. "Je ki inda ake sayar da abincinsu."

Ya kuma ce ta zo ta yi dahuwar a gidansa. Ta duba nisan, bas biyu da jirgin ƙasa, ga aiki, ga tsiro da ke son ruwa safe da yamma, ta ce a'a, za ta san yadda za ta yi. Yadda ta yi kuwa shi ne ta hau sama ta ce wa Hajiya kunun zaƙi za ta haɗa na taron tunawa da mamarta. Ƙaryar ta zauna daidai, domin da tsiron dawa kunun zaƙi ma ke farawa. Hajiya ta ji daɗi ƙwarai. Ta fito da babbar tukunyar da take dafa wake da shinkafa in ana suna, da murhun gas na tsakar gida, har ita ke sauka ta yayyafa wa dawar ruwa in Kaneng na wurin aiki. Duk sanda ta ce, "Sista Kaneng, tsironki ya yi kyau paa," sai Kaneng ta ji kamar ta nutse.

Hannu bai manta ba. Ta yi dahuwar farko ranar Laraba, ta biyu ranar Alhamis, ƙamshin ya fito sak irin na bayan ɗakinsu. Da safiyar Juma'a ruwan ya huce, ta sauka da shi ɗakinta. Tulu dai babu shi a Beltsville. Abin da ta tanada shi ne manyan gorunan roba guda biyu, irin waɗanda ake kifawa a kan na'urar ruwan sha a ofis. Da ta fara zubawa sai ta ga ɗaya ma zai ɗauke duka, ta cika shi har wuya, ta ji daɗin cewa abu ɗaya ya fi saurin ɓoyuwa. Ta kwance ledar, ta juye garin duka, ta girgiza. Sai ta tuna da wari, ta tuna hancin Hajiya ba ya kuskure. Ta danna murfi, ta naɗe shi da salatif zagaye biyar, ta tura goran cikin kabad bayan akwatuna, ta tafi aiki. Ba ta taɓa shiga ɗakin tuluna ba, balle ta san cewa uwarta faifai kawai take ɗorawa a baki, shi ma a karkace. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar an yi zafi irin na Yulin Maryland, wanda iska ke tsayawa cak, gumi ya ƙi bushewa. Wajen ƙarfe uku ta dawo. Tun daga matakala ta ji wani siririn sauti, tsiii, kamar taya na sacewa. Ta buɗe kabad ta tarar goran ya kumbura, gindinsa ya turo waje har yana tangaɗi, ciki kuwa ruwan na juyawa sama da ƙasa kamar yana kan wuta. Kumfa ta cika wuyan tana neman hanya ta ƙarƙashin salatif. Ta jawo shi tsakiyar ɗaki, ta ɗauko wuƙa da niyyar ta ɗan sassauta murfin kaɗan. Tana yanka zagaye na biyu murfin ya ƙwace. Ya daki silin, kumfa ta bi shi, ja-ja-ja, ta wanke mata fuska da rigar aiki da gado da kalandar coci. Ta kifa tafin hannunta a bakin goran, abin na fesowa ta tsakanin yatsunta, tana kallon giyar uwarta na malala a ƙasa, ba ta san lokacin da ta fara cewa "Mama, tsaya, Mama, tsaya" ba.

A haka Hajiya ta same ta. Ta tsaya a matakala ta ƙarshe da carbi a hannu, ta ja numfashi sau ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Wannan ba kunu ba ne," in ji Hajiya.

"Ba kunu ba ne, Hajiya."

"Cire hannunki. Kina toshe shi yana ƙara haukacewa. A Kumasi bayan gidanmu 'yan ƙabilar Dagarti ne ke dafa pito, irin burkutunsu, ban taɓa ganin sun rufe masa baki ba kuraa. Ina ɗayan goran? Raba shi biyu, ki ba shi wuri."

Hajiya ba ta matso ba, ba ta kuma taɓa komai ba. Daga inda take tsaye take ba da umarni, Kaneng na yi. Ta juye rabi a gora na biyu, kowanne ya tsaya ƙasa da rabi, domin kusan kashi ɗaya cikin uku ya riga ya tafi silin da kafet. Tana aikin tana ba da labari a gutsure: uwarta, sana'ar, ƙoƙon, tukunyar da ba a sauke ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa a ƙasar nan abin da uwarta ke yi ba sai Baba Katung, sai ga shi tana faɗa wa wadda ta fi jin kunyar ta sani.

Kaneng ta ɗauka cewa za a ce ta tattara kayanta.

"Ni da hannuna na ba shi ruwa," Hajiya ta ce a hankali. "Kwana biyar."

"Ki gafarce ni. Na san in na faɗa za ki ce a'a."

"Da na ce a'a mana. Amma da mun zauna mun nemo wani wuri, ni da ke. Wannan ne kika hana ni." Ta juya carbinta. "Ba zai kwana a inda nake sallah ba. Ki kai shi ɗakin ajiya na bayan gida. Ranar Lahadi ya bar min gida. Ban ce ki zubar ba."

Tsugune ba ta ƙare ba, domin ɗakin ajiyar na katako ne, rana ta gasa shi tun safe. Cikin rabin awa kumfa ta sake hawowa wuyan gorunan. A bar su a buɗe, ga ƙudaje sun fara taruwa, ga katangar maƙwabta kusa. A rufe, an ga abin da rufewa ta haifar. Kaneng ta tsaya tana tunani irin na ma'aikaciyar jinya: abu na neman numfashi, a ba shi hanyar fita, a hana komai shiga. Ta tuna da siririn tiyon iskar numfashi, sabo a ledarsa, wanda ya rage bayan rasuwar wani tsoho da ta yi jinya, iyalinsa suka ce ta zubar. Ta yanka shi biyu, ta huda murafen da wuƙa mai zafi, ta zura, ta liƙe gefen, ta tsoma ɗaya bakin a bokitin ruwa. Nan take bokitin ya fara ɓul-ɓul. Murnarta ba ta yi minti goma ba. Burkutu ba tatacciyar giya ba ce, dusa ta bi kumfa ta toshe tiyon, goran ya fara kumbura kuma.

Hajiya na tsaye can nesa a bakin ƙofar kicin, wai kayan miyar da ta shuka ta fito dubawa.

"Ya yi siriri," ta ɗaga murya. "Ga tiyon ban-ruwa nan, yanki abin da kike so. Dama Alhaji ya ce zai sayo sabo."

Kaneng ta yanko guda biyu, kowanne kamu uku, ta wanke su da tafasasshen ruwa, ta cusa a bakin gorunan, ta cike gefen da leda, ta ɗaure da robar gashi. Kumfa ta samu hanya mai faɗi ta gangara bokiti abinta. Saura zafi. Ta sa gorunan a bahon wanki, ta zuba ruwa, ta lulluɓe su da jiƙaƙƙun tawul. Da ta koma neman ƙanƙara sai ta tarar da leda biyu a kan matakalar kicin, an ajiye an shige ciki.

Kafin la'asar ta yi sanyi haukan ya lafa. Ɓul-ɓul ɗin ya koma ɗaya bayan ɗaya, a natse. Kaneng ta kifa bokitin fenti ta zauna a kai, rigarta ta bushe ta yi tauri. Ta yi tunanin sau nawa uwarta ta zauna haka ita kaɗai a ɗakin tuluna tana sauraro, tana sanin yaushe za a rage, yaushe za a bari, ilimin da ba wanda ya taɓa tambayarta ta koyar. Ranar Asabar ba ta je aiki ba. Ta yini tana canja ruwan bokiti, tana sabunta ƙanƙara, sauran lokacin tana goge silin.

Hajiya ba ta kore ta ba. Sai dai an daɗe kafin abinci ya sake sauka ƙasa, kuma gaisuwarsu ta yi watanni ba ta wuce ina kwana ba. Kaneng ba ta ga laifinta ba.

Ranar Lahadi Baba Katung ya zo da motarsa aka ɗora gorunan. A bayan gidansa mutum tara suka taru ƙarƙashin bishiya, yawancinsu tsofaffi daga Filato da kudancin Kaduna, wasu sun shekara ashirin ba su ga burkutu ba. Ya fito da ƙoƙuna da ya adana tun zuwansa ƙasar. Abin da ya tsira bai da yawa, amma yana da rai, yana ta tsirta a cikin ƙwarya. Aka yi addu'a. Kaneng ta miƙe ta ce wannan na Ngo Garos ne, mai burkutu, mahaifiyarta, wadda ta yi wannan aiki shekara hamsin ta ilimantar da 'ya'yanta da shi.

Ta ɗebo ƙoƙon farko ta miƙa wa Baba Katung. Ya ƙi karɓa.

"A'a, 'yata. Mai dahuwa ke fara sha, ko a wurinmu haka ne."

Ta dubi ƙoƙon. Matar zumunta ce, kuma a cikin masu kallon akwai waɗanda suka san hakan. Ta kai baki ta kurɓa. Tsami ne ya fara zuwa, sannan kauri, sannan wani ɗan zaƙi can baya, da ɗumi da ya bi maƙogwaro ya sauka. Ta miƙa masa, ya sha, ya lumshe ido. Aka zagaya da sauran.

"Wannan giya ce," ya ce daga baya. "Ni ban san mamarki ba, ban taɓa shan nata ba. Ke za ki gaya mana. Ya yi kama da nata?"

Duk suka juyo suna jira. Kaneng ta buɗe baki za ta ce ƙwarai kuwa, don shi ne abin da ake son ji, kuma shi ne zai rufe taron da kyau. Amma ta gaji da ƙarya a makon nan.

"Ban sani ba, Baba," ta ce. "Ban taɓa ɗanɗana nata ba."

Sai ta zauna a kan ciyawa da ƙoƙon a cinyarta, kukan da ya ƙi zuwa tun watan Fabrairu ya zo mata, tsofaffin suka bar ta ta yi.